Mazarin Rafi

Kowa ya san mazari. Tsofaffin mata sun san na kaɗi, wanda su ke murzawa su fid da zare daga auduga. Yara kuwa sun san mai tashi, wanda su ke bi da gudu a bakin kududdufi da damina. Wanda ya dubi jikin ƙwaron nan, dogo siriri da kai a dunƙule, ba zai yi mamaki da a ka ba su suna ɗaya ba. In mutum ya tsorata ƙwarai mu kan ce jikinsa na rawa kamar mazari.

To, mu duk mazari mu ke ce musu, amma masana sun ƙidaya iri fiye da 6,000 a duniya. Sun raba su gida biyu manya. Kowa na iya rarrabe gidajen nan da idonsa, in ya yi haƙuri ya bari ƙwaron ya sauka. In ya sauka ya bar fukafukansa a shimfiɗe kamar na jirgin sama, jikinsa da kauri, idanunsa manya sun haɗu a tsakiyar kai, wannan babban mazari ne, shi ne yara su ka fi sani. In kuwa ya sauka ya haɗa fukafukansa a bisa bayansa kamar an rufe littafi, jikinsa kamar tsinke, idanunsa ɗaya can ɗaya can a gefen kai, to, wannan siririn mazari ne.

Yawancin sirara ƙanana ne, ba su wuce inci ɗaya da rabi ba, kuma ruwan kwance ya ishe su. Amma akwai wata zuriya a cikinsu da ta fita dabam. Su manya ne, daga inci 2 zuwa inci 3, kuma ba su zama sai inda ruwa ke gudu. Masana na kiransu Calopterygidae. Sunan da wuyar faɗa, amma ma'anarsa da sauƙi, daga harshen Girka ya fito, watau masu kyakkyawan fiffike. Irinsu ya fi 150. Mu a nan za mu riƙa ce musu mazarin rafi.

Kamanninsa

Abu na fari da za ku lura da shi shi ne tashinsa. Babban mazari tashi ya ke yi kamar kibiya, ya tsaya cak a iska, ya sake fizga. Mazarin rafi kuwa lilo ya ke yi, yana faɗuwa yana tashi kamar malam-buɗe-littafi, har wanda bai sani ba sai ya ɗauka shi ne. Fukafukansa huɗu ne masu faɗi, duk girmansu ɗaya, cike da jijiyoyi ƙanana kamar saƙar koma. Jikinsa yana ƙyalli kamar ƙarfe da a ka goge, wani kore, wani shuɗi, wani kamar tagulla. Ƙafafunsa shida dogaye ne masu gashi, amma ba na tafiya ba ne. Da su ya ke riƙe reshe, in kuma ya tashi farauta sai ya haɗa su kamar kwando ya cafke sauro ko ɗan ƙuda a iska, ya komo kan reshensa ya ci.

Ba shi da ƙari, ba ya harbi, ba shi da dafi. Doguwar wutsiyar nan da yara ke tsoro cikinsa ne kawai.

Wanda ya fi yawa a Afirka, kudu da Hamada, shi ne wanda wani masani Bajamushe, Hermann Burmeister, ya bayyana a littafi cikin 1839. Sunansa wajen masana Phaon iridipennis, kashi na biyu na sunan kuwa ma'anarsa mai fiffiken bakan gizo. Akwai shi a Nijeriya, akwai shi tun daga Afirka ta Yamma har Afirka ta Kudu. Tsawonsa ya kusa inci 3. In yana zaune a inuwa ba shi da wani kyau, launinsa tsakanin kore da ƙasa-ƙasa, sai ku wuce shi ku ce busasshen tsinke ne. Amma in ya tashi, hasken rana ya faɗa kan fukafukansa, sai ku ga shuɗi da shunayya sun walƙa, ya sauka kuma abin ya ɓace. Mazauninsa rafi mai itatuwa a baki, irin na kurmi, inda malmo da ɓaure da tukurwa su ka rufe ruwa. Ya kan kuma yi nisa da ruwa kaɗan ya fake cikin duhuwa. Saboda haka mutanen da ke zaune kusa da kurmi da gindin duwatsu sun fi samun ganinsa bisa mutanen arewa mai nisa, inda ƙorama ke ƙafewa tun kaka ta bar yashi. Can kudu kuma, cikin manyan dazuzzuka na Nijeriya da Kamaru da Gana, akwai 'yan'uwansa da a ke kira Sapho da Umma, waɗansu mazansu da fukafukai masu duhu ƙirin.

Sauran dangin suna warwatse a duniya. A Turai akwai wanda fiffiken namijinsa duk shuɗi ne mai duhu, da wani mai baƙin tambari a tsakiyar fiffike kamar an dangwala babban yatsa. A Amurka akwai mai baƙin fiffike da koren jiki, da waɗansu masu ja kamar garwashi a gindin fiffike. A Indiya da Sin akwai wanda fukafukansa na baya kore ne shar, ya kan bi kan ruwa yana kaɗa na gaba kaɗai, ya shimfiɗa na baya don a gani.

Faɗa da neman aure

Na Turai da na Amurka su a ka fi zama a ka lura da halinsu, saboda haka abin da za mu faɗa yanzu a kansu a ka gani.

Namiji ya kan zaɓi wani ɗan wuri a rafi, yadi ɗaya ko biyu, inda akwai ciyawar ruwa ko saiwoyi da ruwa ke bi ta kansu. Wannan wuri shi ne gonarsa, shi ne kuma dukiyar aurensa. Da hantsi sai ya zo ya zauna kan wani ganye yana tsaro. In wani namiji ya shigo, sai su tashi su yi ta kewaya juna, su hau su sauka, su bi rafi sama da ƙasa. Ba cizo, ba duka. Wani lokaci abin ya kan ƙare nan da nan, wani lokaci kuwa su kai sa'a guda ko fiye suna abu ɗaya, har ɗaya ya gaji ya bar wurin. Cikin 1990 waɗansu masana biyu a Amurka, James Marden da Jonathan Waage, su ka kama waɗanda su ka gama irin wannan faɗa su ka auna su. Sai su ka tarar galibi ba mai girman jiki ke cin nasara ba, wanda ya fi kitse a ciki shi ke ci. Ashe faɗan nasu irin na masu noman gayya ne, wanda ya ci ya ƙoshi shi ke kai ƙarshen kunya.

In mace ta zo, sai namiji ya sake salo. Ya tsaya gabanta a iska yana kaɗa fukafukai da sauri ƙwarai, ya ɗaga ƙarshen wutsiya ya nuna mata wani ɗan tabo mai haske da ke ƙarƙashi, fari ko ja, gwargwadon irinsa. Sa'an nan ya yi wani abin mamaki. Sai ya faɗa kan ruwa, ya bari ruwa ya tafi da shi kaɗan, kana ya tashi. Wannan kasada ce, gama kifi na nan ƙasa yana jira. Masana sun fahimta nuna mata ya ke yi yadda ruwan gonarsa ke gudu. Ita kuwa tana da dalilin kula da wannan. An gwada an gani, ƙwan da a ka saka inda ruwa ke gudu sosai ya fi ƙyanƙyashewa, domin inda ruwa ya yi sanyin gudu gansakuka ta kan rufe ƙwan ta kashe shi.

Duhun fiffiken namiji ma ba ado kaɗai ba ne. An gano a Turai cewa mazan da fiffikensu ya fi rinuwa sun fi jure wa waɗansu ƙwayoyin cuta da ke shiga hanjinsu. Macen da ta zaɓi mai baƙin fiffike, lafiyayye ta zaɓa.

In ta yarda, sai ya kama ta a bayan wuya da wani ɗan abu kamar hantsaki da ke ƙarshen wutsiyarsa, ita kuma ta lanƙwaso tata wutsiya zuwa ƙarƙashin cikinsa daf da ƙirji, su zama kamar zobe. Wanda ya taɓa ganin mazari biyu a haɗe suna tashi, abin da ya gani ke nan. Shi Waage ɗin nan da mu ka ambata, na jami'ar Brown, cikin 1979 ya gano wani abu da ba wanda ya sani kafinsa a kowace irin dabba. Kafin namijin ya ba da nasa iri, sai ya kwashe irin wanda ya riga shi daga jikin macen, kusan duka. Shi ya sa bayan sun rabu ba ya tafiya. Ya kan zauna kusa yana gadi har ta gama saka ƙwai, kada wani ya zo ya yi masa abin da ya yi wa na farko.

Macen tana da wani abu mai kaifi a ƙarshen ciki kamar ɗan zarto. Da shi ta ke tsaga jikin ciyawar ruwa ko ruɓaɓɓen itace ta cusa ƙwai ɗaya ɗaya, har ɗaruruwa. Waɗansu su kan bi karan ciyawa su nutse gaba ɗaya, su yi rabin sa'a ko fiye a ƙarƙashin ruwa. Iskar da ta maƙale a jikinsu da fukafukansu ita su ke shaƙa.

Zaman cikin ruwa

Yanzu mun zo ga abin da yawancin mutane ba su sani ba. Mazarin da mu ke gani yana tashi, ƙarshen rayuwarsa mu ke gani. 'Yan makonni kaɗan yawancinsu ke yi da fukafukai. Sauran kwanansa duk cikin ruwa ya yi su. A ƙasashen sanyi ya kan yi shekara ɗaya ko biyu a ƙarƙashin ruwa, a ƙasashen zafi kuwa ya fi saurin girma.

Bayan mako biyu zuwa huɗu ƙwai ya ke fashewa, ɗan mazari ya fito. Ba ya kama da uwarsa ko kaɗan. Ba shi da fukafukai, ba shi da ƙyalli, launinsa irin na laka ne, ƙafafunsa dogaye kamar na gizo-gizo, da ƙahoni biyu a gaba. Bai iya iyo sosai ba. Aikinsa ya maƙale jikin saiwar itace da ta sauko cikin ruwa, ko jikin ciyawa, ko cikin ganyayen da su ka taru a bayan dutse, ya yi shiru kamar ba shi da rai.

Ko da ya ke ya yi shiru, maharbi ne. Leɓensa na ƙasa dogo ne, yana da gaɓa kamar gwiwar hannu, da ƙugiya biyu a baki. Ya kan naɗe shi ƙarƙashin fuskarsa. In wata 'yar tsutsa ta kuskura ta matso, kafin ƙiftawar ido ya miƙa leɓen ya fizgo ta ya kai baki. Ku kwatanta da mutumin da ya naɗe hannu a ƙirji cikin riga, kana ya miƙa farat ɗaya ya ɗauki abu a faifai. 'Ya'yan ƙananan ƙwari da ke girma a ruwa su ne abincinsa. Shi kuma abincin kifi ne. Watau kifin da mu ke ci daga rafi, da irin su ya yi ƙiba.

Fatarsa ba ta girma tare da shi. Saboda haka in ta matse shi sai ya yi saɓa kamar maciji, ya fito da sabuwa. Ya kan yi haka sau 10 ko fiye. A saɓar baya-baya a ke fara ganin 'yan kube huɗu a bayansa, cikinsu fukafukai ke kwance a naɗe.

To, da me ya ke numfashi? A ƙarshen wutsiyarsa akwai waɗansu abubuwa uku kamar ganye, biyu dogaye a gefe, ɗaya gajere a tsakiya. Ta nan da ta fatar jikinsa ya ke shan iskar da ke narke cikin ruwa. Kada ku yi mamaki da mu ka ce akwai iska a cikin ruwa. Akwai ta, ita kifi ke shaƙa, ita ce masana ke kira oksijin. Amma ba kowane ruwa ke da ita daidai ba, kuma a nan ne dukan maganar ta ke.

Ku dubi mai shayi in yana sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi. Shayin ya kan huce, ya kuma yi kumfa, domin iska ta shiga. Haka rafi ya ke yi in yana faɗowa kan duwatsu da tsakuwa, kullum sheƙa kansa ya ke yi. Kududdufi kuwa yana kwance, ba mai sheƙa shi. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, ruwan sanyi ya fi ruwan ɗumi riƙe iska. In zafin ruwa ya tashi daga digiri 20 zuwa digiri 30, wajen kashi 1 cikin 6 na iskar da zai iya riƙewa ya tafi. Abin da ke hana rafi yin ɗumi kuwa inuwar itatuwa ce. Na uku, duk ƙazantar da ta ruɓe cikin ruwa, kashi ne, ko jini, ko dusa, ko ruwan jima, tana cinye iskar nan sa'ad da ta ke ruɓewa. 'Ya'yan babban mazari da yawa suna iya jure ruwan da iskarsa ta yi ƙaranci. Ɗan mazarin rafi ba ya iyawa. In iska ta ragu sai ya mutu, ba kuwa wanda zai gani, gama a ƙarƙashin ruwa abin ke faruwa.

Wanda ya tsira, ran da kwanansa su ka cika sai ya daina ci. Ya kama wani kara ya hau, ya fita daga ruwa, ya ƙanƙame. Fatar bayansa ta tsage, ya zaro kai da ƙirji da ƙafafu, ya huta, kana ya zaro dogon cikin. Fukafukansa sa'an nan a cukurkuɗe su ke kamar jiƙaƙƙen tsumma. Sai ya tura ruwan jikinsa cikin jijiyoyinsu, su miƙe a hankali, su bushe. Cikin 'yan sa'o'in nan ba ya iya gudu, ba ya iya kare kansa, tsuntsu da kwaɗo da tururuwa duk su kan same shi a banza. Da yawa nan su ke ƙarewa. Wanda Allah ya yi wa sauran kwana sai ya tashi ya shiga duhuwa, ya yi kwanaki yana ci har launinsa ya nuna, kana ya komo rafi. Tsohuwar fatar kuwa tana nan maƙale a jikin karan, da siffarsa duka har ƙafafu.

Wani zai ce, a ƙasa irin tamu mai dogon rani fa? Wani likitan dabbobi Bature, Robert Gambles, wanda ya yi aiki a Vom kusa da Jos, ya yi shekaru yana tara mazarin Nijeriya a lokacin hutunsa. Cikin 1960 ya rubuta yadda su ke bi da damina da rani. Ya nuna waɗansu irin mazari na ƙasar nan da fukafukansu su ke cin rani, suna fake a inuwa wata da watanni, sai ruwa ya sauka su yi ƙwai. Su ma ke nan kurmi ne mafakarsu.

Shaidar rafi

In kun bi mu zuwa nan, kun ga abin da ƙwaron nan ke bukata: ruwa mai gudu wanda ba ya yankewa kafin 'ya'yansa su girma, da inuwa, da saiwoyi da ciyawa na maƙalewa, da ruwa mai iska. In ɗaya ya ɓace, shi ma ya ɓace. Don haka masana ke ɗaukarsa kamar mai ba da shaida. Mutum na iya ɗibar ruwa a kwalba ya kai a auna, amma kwalba labarin ranar nan kaɗai za ta bayar. Mazarin rafi kuwa, tun da ya yi watanni cikin ruwan kafin ya fito, ganinsa da yawa shaida ce cewa duk watannin nan ruwan bai ƙafe ba, bai kuma mutu ba.

Abubuwan da ke korarsa duk mun san su, gama mu ke yin su. Mu sare itatuwan bakin rafi don gawayi ko don mu ƙara kunya biyu a gona. Rana ta bugi ruwa ya yi ɗumi, gaɓa ta rasa saiwar da ke riƙe ta, ruwan sama na farko ya zubo da ita cikin rafi. Laka ta binne tsakuwa, ta toshe wa 'ya'yan ƙwari abin numfashi. Haka wankin kuza da na zinariya ke yi, haka ɗibar yashi ba kan gado. Ga mai feshi da ya gama aiki ya zo ya ɗauraye tankinsa a rafi. Ga masu zuba guba don su kama kifi, ko magimfa ta gargajiya ko maganin ƙwari na kanti. Wannan na ƙarshe, a ganinmu, ya fi duka muni, domin don kifin kwando ɗaya an kashe manya da ƙanana da abincinsu, kuma mutanen ƙasa da wurin ruwan nan za su ɗiba. Ga kuma injin ban ruwa goma a kan ƙorama ɗaya, kowa na zuƙa, har ta tsinke tun kafin bazara.

Akwai wani mazarin rafi da ba a samunsa ko'ina a duniya sai a Maroko da Aljeriya da Tunisiya, sunansa Calopteryx exul. A Aljeriya an yi kusan shekara 100 ba a gan shi ba, sai cikin 2007 a ka sake samunsa a kogin Sebus, wanda ke faɗawa teku a Annaba. Yana cikin jerin halittun da a ke tsoron ƙarewarsu, dalili kuwa fari ne, da janye ruwa don noma, da ƙazanta. Ba shi kaɗai ba ne. Cikin watan Disamba 2021 ƙungiyar duniya mai lura da halittu, wadda a ke kira IUCN, ta ba da sakamakon binciken iri 6,016 na mazari, manya da sirara. Ta ce 16 cikin kowane 100 suna cikin haɗarin ƙarewa, saboda ana ɓata fadamu da rafuka da koguna inda su ke haihuwa.

Amma abin yana gyaruwa in an gyara. A ƙasar Holan, tsakiyar ƙarni na 20, an ƙazantar da rafuka, an miƙar da su kamar lambatu, mazarin rafi ya ragu ƙwarai. Da a ka shiga tace ruwan ƙazanta na garuruwa da masana'antu kafin a sake shi, a ka kuma mai da waɗansu rafuka bisa tsohuwar hanyarsu mai kwana-kwana, daga wajen 1990 sai ga shi yana komowa da kansa. Ba wanda ya kiwata shi, ba wanda ya ɗauko shi daga wani wuri. A Afirka ta Kudu har an mai da abin ma'auni. Michael Samways da John Simaika sun fid da littafi cikin 2016 inda kowane irin mazari na ƙasarsu ya sami maki daga 0 zuwa 9. Wanda ke zama ko'ina makinsa kaɗan, mai tsantsami makinsa da yawa. Ma'aikaci ya je bakin rafi ya rubuta irin da ya gani, ya haɗa lissafi, ya san halin da ruwan ke ciki.

Sai dai a nan tilas mu ja kunne, kada wani ya karanta rabi ya tafi da rabi. Shaidar mazari a kan iska da gudu da inuwa ta tsaya. Bai san kome ba game da cututtukan mutane. Rafi na iya zama garau, mazari na lilo a kansa, alhali akwai ƙwayar taifot ko ta kwalara a ciki, in wani ya yi bayan gida a sama da wurin. Tsargiya ma, mai sa fitsarin jini, daga jikin 'yan katantanwar ruwa ta ke fitowa ta shiga fatar mai wanka, ba ruwanta da ko akwai mazari ko babu. Saboda haka ruwan rafi, kome kyansa a ido, a tafasa shi kafin a sha. Amfanin shaidar mazari shi ne ta wajen ɓacewarsa. In a da ana ganinsa a wani wuri, bana babu, to, wani abu ya faru da ruwan, ya kamata dattawan gari su bi rafin sama su ga ko mene ne, tun kifi bai bi shi ba.

Wanda ke so ya gani da idonsa, ga yadda zai yi. Ya tafi da hantsi ran da rana ta fito sosai, wajen ƙarshen damina ya fi kyau. Ya nemi inda itatuwa su ka rufe ruwa amma haske na ɗan ratsowa. Ya zauna a gaɓa, kada ya shiga ruwa, kada inuwarsa ta faɗa kan ganyen da ya ke dubawa, gama idon mazari ya fi kula da motsi bisa kome. In bai ga kome ba, ya taɓa rassan ƙasa-ƙasa da sanda a hankali, mai fiffiken bakan gizo zai tashi ya yi lilo kaɗan ya sake sauka nan kusa. Ya ƙidaya nawa ya gani cikin taki 100, ya rubuta a takarda da sunan wurin da kwanan wata, baɗi war haka ya komo ya sake ƙidayawa. Ya kuma tambayi tsofaffin masunta da mata masu ɗiban ruwa ko da can sun saba ganinsa, da inda su ke ganinsa.

Kafin ya tashi, ya duba jikin karare da saiwoyi, kamar taƙi ɗaya ko biyu bisa ruwa. In ya yi sa'a zai sami saɓar da ɗan mazari ya bari, busasshiya, ba nauyi, da tsagar nan a baya inda mai ita ya fita. Wannan ba laifi a ɗauka, ba rai a ciki. Ya sa ta cikin kwalin ashana kada ta murƙushe, ya kai gida, ya ɗaga dogon leɓen nan da tsinke ya nuna wa yara yadda ya ke miƙewa.